Tambaya da Amsa: Alamar # ta Maƙale a Adireshin Shafina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wa yayata shafin intanet guda ɗaya na sayar da turaren wuta da humra. A samansa akwai Kaya, Farashi da Tuntuɓe Mu. Duk wanda aka latsa, shafin na gangarawa daidai, amma sai #farashi ya maƙale a ƙarshen adireshi, kuma sai mai saye ya yi ta danna maɓallin komawa baya kafin ya fita. Yaya zan hana wannan?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Burauza ba kuskure ta yi ba. Da zarar an latsa mahaɗi mai href="#farashi" (href shi ke nuna inda mahaɗin zai kai mutum), abu biyu take yi: ta kai mutum wurin da ke ɗauke da id="farashi", sannan ta rubuta hakan a tarihinta tamkar sabon shafi aka buɗe. Nan wahalar komawa baya ta samo asali.

Maganin yana cikin JavaScript, harshen da ake ba burauza umarni da shi a cikin shafi. Ka tare latsawar, ka kira preventDefault don burauza ta fasa aikin da ta saba, sai ka nemo sashen da getElementById, ka kira scrollIntoView a kansa. In kana so ya gangara a hankali, ka ba shi behavior: 'smooth'. Safari, burauzar iPhone, ba ta san wannan ba sai a fitowa ta 15.4, a 2022, don haka tsohuwar iPhone tsalle kawai za ta yi zuwa wurin, kuma ba komai. Shi kuwa scroll-behavior na CSS, harshen tsara kamannin shafi, tafiyar kaɗai yake gyarawa, adireshi zai canja duk da haka.

Roƙona ɗaya: kada ka goge href ɗin. Ranar da sabis ya yi rauni, JavaScript bai sauka ba, shi zai kai mai saye inda ya nufa. Kuma bayan gangarawar ka kira focus a kan sashen, ka sa masa tabindex="-1", saboda makafi masu sauraron shafi da manhaja. Ana yawan mantawa da su, abin yana damuna.

Da ni ne kuwa, ba zan ɓoye alamar ba. Masu irin sana'ar yayarka a WhatsApp suke ciniki, kuma adireshi mai #farashi abin turawa ne ga duk wanda ya ce "nawa ne?", yana buɗewa ya ga kuɗin. Ka bar preventDefault da scrollIntoView yadda suke, ka ƙara history.replaceState: alamar za ta fito a adireshi, tarihi ba zai taru ba, danna ɗaya mai saye ya fita. In kanun shafin a kafe yake a sama yana rufe farkon sashe, scroll-margin-top daidai tsawonsa zai gyara.