Kada ku rufe kamfanin don kawai kuna son canza suna

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce ku uku ne a kamfaninku na fitar da albasa, SARL ce (kamfanin da alhakin masu shi bai wuce jarin da suka zuba ba) mai zama a Tawa, kuna son cire sunan mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ku sa sunan da baƙi na Abijan da Akara za su iya furtawa, kuma wani ya ce maka sai kun rufe wannan kun buɗe sabo. Wanda ya faɗa maka haka bai taimake ka ba. Ni aikina riƙe wa ƴan kasuwa lissafi, kuma irin wannan dosiye ya sha bi ta hannuna.

Canza suna ba ya haifar da sabon kamfani. Kamar mutum ne ya canza riga: bashin da ake bin sa yana nan, wanda yake bi yana nan, kwangilolinsa da ma'aikatansa da tarihinsa a banki duk suna nan. In kuka rufe kuka sake buɗewa, shekarun da kuka yi kuna gina amana a banki da wajen masu lampo sun tafi, ga wahalar rushe kamfani wadda ta ninka ta canza suna.

Nijar tana bin dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, kuma dokar kamfanoni da aka sabunta a 2014 ce ke aiki a nan. Sunan kamfani yana cikin statuts, wato takardar ƙa'idojin kafa kamfanin, don haka canza shi gyaran statuts ne, ba abin da gérant, wato manajan kamfani, zai yanke shi kaɗai ba. A SARL sai masu riƙe da aƙalla kashi uku cikin huɗu na jari sun yarda. Ka lura da wannan sosai, don a nan ƴan'uwa ke samun saɓani. In ku ukun rabonku daidai ne, biyu sun riƙe kashi biyu cikin uku ke nan, bai kai ba. Ƙaninku ɗaya in ya ce a'a, magana ta tsaya. Kuma tunda sunan uba ne za a cire, ina ba ka shawara ka fara da zaman gida, har da Hajiya in tana raye, kafin ka kira taron hukuma. Doka ba ta nemi izininta in ba ta da kaso, amma zumunci ya nema. Ka duba kuma ko an riga an raba kason marigayin an rubuta a statuts, domin in yana da kaso da ba a daidaita ba, magadansa duka suna da ta cewa.

Kafin taro ku tabbatar sunan da kuka zaɓa ba na wani ba ne. Doka ta hana kamfani ɗaukar sunan wani da ya riga ya shiga RCCM, wato rajistar ƴan kasuwa da kamfanoni. Ku tafi da suna biyu ko uku a aljihu ku tambaya a wajen magatakardar kotu. In kuna da niyyar buga sunan a kan buhu, wannan wata rajista ce daban ta OAPI da ke Yawunde, ita ke kare tambari a ƙasashen da ke cikinta. RCCM kaɗai ba ta hana wani a Abijan buga sunanku a buhunsa.

Daga nan sai a aika wa kowa takardar kiran taro, kwana 15 aƙalla kafin ranar, a zauna, a rubuta procès-verbal, wato takardar abin da aka yanke a taron, kowa ya sa hannu. In notaire ne, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, ya rubuta statuts ɗinku na farko, gyaran ma wajen notaire zai bi. Sai a yi rajistar takardun a ofishin lampo, a buga sanarwa a jaridar da ke ɗaukar sanarwar shari'a irin su Le Sahel, a kai wa magatakarda tare da takardar M2 ta gyara. Doka ta ba da kwana 30 don shigar da gyaran a RCCM. Ku da ke Tawa, babbar kotun Tawa inda aka yi muku rajista za ku koma. Na Yamai su suna da Maison de l'Entreprise, ofishin da ke kula da takardun kamfanoni, da kotun kasuwanci.

Abin da ya fi cin rai yana zuwa ne bayan an ba ku takarda. Na ga wani ɗan kasuwa da ya buga sabon hatimi da sababbin faktir tun kafin RCCM ɗinsa ya fito. Mai saye ya rubuta masa cek da sabon suna, banki ya duba ya ga asusu na ɗauke da tsohon, ya maido cek ɗin, alhali motoci na tsaye a Galmi ana jiran kuɗin manoma. Don haka ranar da sabon RCCM ya shiga hannunka, ka yi kwafi da yawa, ka fara da masu lampo su gyara sunan da ke kan NIF, wato lambarku ta biyan lampo, sai banki, sai CNSS, asusun inshorar ma'aikata, sai transitaire ɗinku, mai yi muku takardun fitar da kaya, da duwan. Hatimi da faktir da allon ƙofa su ne na ƙarshe. A kan sababbin takardu doka ta ce suna ya fito tare da SARL, da adadin jari, da adireshi, da lambar RCCM. Ni nakan sa a ƙara tsohon sunan a ƙasa da ƙananan haruffa na ɗan lokaci, don masu saye su gane ku ne.

Kuma don Allah kada ku taɓa wannan aiki a tsakiyar kakar albasa ko lokacin da kuke da dosiyen neman kwangila a hannun hukuma, inda suna ɗaya ake so a kan kowace takarda. Ku bari damina ta sauka, kasuwa ta lafa, sannan ku kira taron.