Amsa ga Mai Son Haɗa Sifiku a Ƙaramin Falo

Ɗan'uwa, ka ce falonka ƙarami ne, ƙasansa tayil, kana son sautin sinima amma ka rasa irin sifikun da za ka saya da inda za ka kafa su.

Tsarin 5.1 ya ishe ka: sifiku 5 (biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a baya) da wufa 1, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Kada "5000W PMPO" da ake rubutawa a kwali ya ruɗe ka, lambar RMS za ka duba, ita ke nuna ainihin ƙarfi. Ka kuma tabbata ohm ɗin sifikun (ma'aunin yadda suke tare wutar lantarki), 6 ko 8, ya dace da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa sifikun.

Idan kuɗi ya yi ƙaranci, ka fi ba sifikar tsakiya muhimmanci, domin mafi yawan maganar 'yan fim daga nan take fita. Sa ta daidai ƙarƙashin talabijin. Biyun gaba su tsaya daidai kunnenka idan kana zaune, biyun baya kuma a gefen kujera, ɗan baya kaɗan. Mutane da yawa suna jera su duka a kan tebur ɗaya, sai a yi asarar kuɗi.

Tayil yana sa amsa-kuwwa. Kafet da labule masu kauri suna rage ta. Wajen haɗa sifiku da amfilifaya, ja da baƙin waya kada su musanya. Saboda yanayin wutarmu, sa stabilaiza. Binne waya cikin bango kuwa, kira ƙwararren mai gyaran wuta.