Hukuncin Yin Yoga Don Maganin Ciwon Baya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciya ce a nan Kaduna, kuma na daɗe ina fama da ciwon baya saboda yawan zama a ofis. Likita ya ce in riƙa miƙe gaɓoɓi, sai wata ƙawata ta kai ni ajin yoga na mata zalla a Unguwar Rimi. Na samu sauƙi sosai, amma mai koyarwar takan sa mu haɗa tafukan hannu a ƙirji, mu rufe ido muna jan sautin "om", sannan akwai jerin motsin da take kira gaisuwar rana. Shin ya halatta in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara sauƙi, Malama.

Kula da jiki abu ne da shari'a ta yi umarni da shi. Bukhari ya ruwaito cewa da Abdullahi ɗan Amr ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, Annabi (SAW) ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Saboda haka miƙe baya, da lanƙwasa ƙugu, da jan numfashi a hankali, duk al'adu ne, asalinsu halacci, kuma fitowarsu daga wata al'umma ba ta haramta su.

Matsalar tana cikin abin da aka cakuɗa da motsin. Yoga ta samo asali ne a Indiya, inda ta kasance hanyar bauta da horon rai a addinin Hindu, kafin ta bazu a duniya da sunan motsa jiki. Sautin "om" kalma ce mai tsarki a wurinsu, da ita suke buɗe addu'o'insu, don haka bai halatta Musulma ta furta shi ba, ko da an ce mata amfaninsa kwantar da hankali ne kawai. Ma'aunin da za a bi shi ne hadisin Aufu ɗan Malik da ke cikin Muslim: da sahabbai suka tambayi Annabi (SAW) game da tawadar da suke yi, wato tofin neman waraka, tun zamanin jahiliyya, sai ya ce su kawo masa ita ya ji, ya kuma halatta wadda babu shirka a cikinta. Ashe ke nan magani na baƙi ana tace shi ne, a riƙe mai tsabta a zubar da gurɓatacce.

Gaisuwar rana ta fi nauyi. Jerin motsi goma sha biyu ne da aka tsara don girmama rana, ana farawa da haɗa hannuwa a ƙirji, a sunkuya kamar mai ruku'u, a kai ƙirji ƙasa, kuma masu ita sun fi son yin ta da hantsin farko suna fuskantar gabas. Allah yana cewa a Suratu Fussilat, aya ta 37, kada a yi sujada ga rana ko ga wata. Mu lura cewa Annabi (SAW) ya hana nafila a lokacin hudowar rana, alhali mai sallar Allah yake nufi, kawai domin a wannan lokacin masu bauta mata suke yi mata sujada. Idan an hana sallah saboda gudun kamanceceniya, to barin jerin da aka ƙaga don rana tun farko ya fi cancanta, kuma toshe kafar ɓarna tushe ne sananne a mazhabar Malikiyya. Ban ce wadda ta yi shi cikin rashin sani ta yi shirka ba. Babu laifi a kanki game da abin da ya wuce.

Malaman wasu ƙasashe sun riga mu tattauna wannan. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bauta da ke cikinta, a 2009 kuma majalisar malamai ta Indonesiya ta rarrabe, ta haramta mai ɗauke da bauta, ta halatta wadda motsa jiki ce zalla. Wannan rarrabewar ce na ga ta fi ƙarfin hujja.

Don haka ki gaya wa mai koyarwar a fili cewa ba za ki yi "om" da gaisuwar rana ba. Idan ta cire su, ki ci gaba, da sharaɗin suturta al'aura ko a tsakanin mata, da tabbatar da cewa ba a ɗaukar bidiyo ana sawa a intanet, abin da ya zama ruwan dare a wuraren motsa jiki. Idan ta ƙi, ki bar ajin, ki nemi likitan gashin ƙashi ya nuna miki motsin da ya dace da bayanki, ki riƙa yi a ɗakinki.

Wallahu a'alam.