Amsoshin tambayoyinku: faci, sarƙa da kayan keke na jabu

Assalamu alaikum. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 man gefen titi da muke kira zuwa-zuwa ya daina araha, ga shi kuma a Fabrairun 2024 litar fetur ta kai sefa 840 a gidajen man Kamaru. Mutane da yawa sun kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure, shi ya sa rabin saƙonnin wannan makon a kan keke suke.

Wani ɗalibi daga Ngaundere ya ce: "Kawu, ina so in canza fedar hagu. Na sa sifana na yi ta murɗawa har tafin hannuna ya yi ja, ta ƙi fita. Ko tsatsa ce?"

Ɗana, ƙara ɗaure ta kake yi. Zaren fedar hagu a juye yake, ana kwance ta ne ta wajen da hannun agogo ke bi. Ka ɗiga mata kananzir ta kwana, da safe ka sa sifana mai lamba 15. In ka sayo sabuwa ka duba harafin da ke jikin ƙarfen: L ko G ta hagu ce, R ko D ta dama. Ka shafa giris kafin ka ɗaura.

Wani mai awo a babbar kasuwar Marwa ya ce: "Ina zuba wa sarƙar kekena baƙin mai da makanike ke ba ni kyauta, amma ba ta shekara sai ta fara tsalle. Mai gyara ya ce in sayi sabuwa har da furiwil. Cuta ta yake so ya yi?"

Malam, gaskiya ya faɗa maka. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe da ƙonannen datti. Ka malala shi a sarƙa, ƙurar hunturu ta zo ta manne, sai ya zama kamar kana goga ta a dutsen wasa wuƙa duk lokacin da ka taka. Sarƙar da ta ci kuma ba ta mutuwa ita kaɗai, sai ta cinye haƙoran furiwil, wato ƙarfen ƙafar baya da take juyawa, shi ya sa in ka sa sabuwa a kan tsohon furiwil za ta yi ta zamewa. Sayi biyun. Daga nan ka riƙa wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ta bushe, ka ɗiga sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka goge na waje tas da tsumma. Man da ke cikin gaɓa shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Kana iya auna ta da tef ɗin tela: daga ƙusa ta farko zuwa ta 25, sabuwar sarƙa santimita 30.5 ce. In ta kusa 30.8, canza ta tun furiwil yana da rai.

Wani malamin firamare da ke takowa daga wajen Pitowa zuwa cikin Garwa ya rubuto: "Kawu, na gaji. Faci huɗu cikin mako biyu, na sayi sabon tub har sau biyu, duk a banza. Sau biyu ina makara a aji. In sayar da keken ne?"

Malam, kada ka sayar. Na san zafin tura keke a rana alhali yara na jiranka, amma matsalarka tana da magani, kuma hujin da kansa zai gaya maka ciwon in ka tsaya ka dube shi. Huji ɗaya ta bayan tub, wajen da ke taɓa ƙasa, ƙaya ce: tsidau, aduwa, bagaruwa ko guntun waya. Sau da yawa tsinin yana nan maƙale cikin taya, a yi faci a mayar, ya sake hudawa kafin ka kai Garwa. Ka sa mai faci ya bi cikin tayar da yatsa a gabanka. Huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, rashin iska ne, rim ya datse tub lokacin da ka faɗa rami. Huji ta ciki, wajen da ke kallon rim, kan waya ne ya leƙo ko kuma robar da ke shimfiɗe a kan rim ta tsinke. Amma in tub ya tsage a kan layin haɗi, ko ya yage a gindin bawul alhali da iska a cikinsa, to jabu aka sayar maka. Tunda ka ce sababbi biyu sun mutu cikin mako biyu, nan na fi zato.

Bari in tsaya a nan, don abin yana ci mini rai. Kayan keke na jabu sun cika kasuwanninmu, kuma wanda suke cuta shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi: ɗalibi, mai gadi, mai tallan burodi, malamin ƙauye. Ka je shago a ɗauko maka tub biyu, a ce wannan na kaza ne, wannan kuma ya fi shi da ɗari biyar. Sai ka ɗauki na arahar kana ganin ka tsira da kuɗin cefane. Lissafa mini faci huɗu, da kuɗin iska, da kuɗin babur ɗin da ka hau ranar da ya ajiye ka a hanya, ka ga ko ɗari biyar ɗin tana nan. Araha ba ta ado, iyayenmu sun riga sun faɗa.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne tsada ma ba ta zama shaida ba. Ni kaina na taɓa sayen boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da wili ke juyawa a kansu, a wani shago, cikin kwali mai kyau da sunan babban kamfani, na biya kuɗin nagari. Kwana goma ƙafar baya ta fara ƙara kamar ana niƙa. Da aka buɗe, ƙwayoyin sun lotse sun cinye mazauninsu, sai da na canza cibiyar wilin gaba ɗaya. Kwalin na gaskiya ne, abin da ke ciki ne aka musanya. Kada kuma wani ya ce mini laifin ƙasar da aka ƙera kayan ne. Phoenix da iyayenmu suka yi shekaru suna hawa a Shanghai ta ƙasar Sin ake yin sa, Hero kuma a Ludhiana ta Indiya. Ƙasashen nan suna yin nagari suna yin na banza. Ɗan kasuwar da ya je ya zaɓo na banzan ya manna masa sunan nagari, shi ne ya ci amanarka.

To ga abin da za ka yi a shago. Kada ka karɓi tub a naɗe cikin kwali ka wuce. Warware shi, ka ja shi da hannu biyu a cikin haske. In ka ga ƙananan tsaga kamar busasshiyar laka, rana ta riga ta kashe shi a rataye, ko da asalinsa nagari ne. In wani wuri ya fi wani kauri, ko ka ja ya ƙi komawa yadda yake, ajiye. Lanƙwasa gindin bawul ka ga ko ya haɗu sosai. Ka ce a hura masa iska kaɗan a gabanka: nagari yana kumbura daidai, na jabu sai ya yi ƙulli a gefe guda. Mai shagon da ya ɓata fuska don ka nemi haka ya riga ya ba ka amsa, fita ka bar masa kayansa.

Ka kuma karanta lambar da ke jikin tayarka, kada ka dogara da "ai duk ashirin da takwas ne". Tayar keken gargajiya mai rubutun 28 x 1 1/2 faɗin rim ɗinta milimita 635 ne. Wadda ake rubuta wa 700, da ke kan yawancin kekunan gwanjo na Turai, 622 ce, amma ita ma 28 ake ce mata. Ba sa shiga wa juna. Haka 26 x 1 3/8 daban take da 26 ta keke mai ƙatuwar taya. Na sha ganin an tura taya da ƙarfi da sukurudireba, a huda sabon tub tun kafin a bar gindin bishiyar mai gyara.

Shi ma facin da sharaɗinsa. A kankare wurin ya yi kaushi, a shafa sholisho siriri, a bar shi kamar minti biyar har ya daina ƙyalli, sannan a manna a danne. Masu faci da yawa sun san haka, mu ne muke tsaya musu a ka muna cewa sauri muke yi. Ɗaure huji da zaren roba kuwa dabarar isa gida ce kawai. Kuma Malam, ka sayi famfo naka na kanka, ka riƙa matsa taya da babban yatsa kowace safiya. In bawul ɗinka irin na dā ne mai 'yar roba a ciki, zafin watan Maris da Afrilu yana cinye robar. Ɗiga masa yawu, in ya yi kumfa canza 'yar robar, kuɗinta bai kai na faci ba. A makaranta kuma ka nema wa keken inuwa.

Wani saurayi daga Gidar ya ce yana da sefa dubu biyar, yana so in zaɓa masa tsakanin fitilu masu launi, madubi huɗu da geza. A ƙarshen saƙon ya ƙara da cewa birkin gaba ya daina kamawa tun damina, da takalmi yake tsayawa.

Wannan wace irin tambaya ce? Kana bin titin da manyan motocin siminti na Figil ke bi, ba ka da birki, kana tambayata geza? Je ka sa sabuwar robar birki gaba da baya, a daidaita su su kama rim ba taya ba. Canjin ka sayi fitila fara ɗaya da ja ɗaya. Ba zan zaɓa maka komai cikin abin da ka lissafa ba.

Wata uwa daga Domayo a Marwa ta rubuto: "'Yata ta shiga lise (sakandare), makarantar da nisa, kuɗin babur kullum ya fi ƙarfina tun rasuwar mahaifinta. Na yi adashi zan saya mata keke, amma ina tsoron a cuce ni, ina kuma tsoron titi. Sabo zan saya ko na gwanjo?"

Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya miki ita. Tunaninki daidai ne, kuma tsoronki ba laifi ba ne. Kafin ki je kasuwa ki fara zuwa wurin mai gyaran keke na unguwarku, wanda kuka san gidansa, ki biya shi ladan rakiya ya tafi da ɗan'uwanki ko ƙaninki. Keken da ya ce yana da kayansa, shi ne naki. Na gwanjo mai kyau ya fi sabon da aka yi da ƙarfe marar nauyi aka lulluɓe da fenti mai sheƙi, amma a duba shi da ido biyu: a bi duk mahaɗar ƙarfe a nemi tsaga ko sabon walda da aka rufe da fenti, a tsaya a gaba a ga ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya, a ɗaga kowace ƙafa a juya ta a ga ba ta rawa. Ki guji mai birkin da ke aiki da mai, da mai giya barkatai, domin ranar da suka lalace za a daɗe ana neman kayansu. Yarinya mai zuwa makaranta a gari shimfiɗaɗɗe kamar Marwa ba ta buƙatar su.

Ki nema mata wanda ƙarfen tsakiyarsa ya sauka ƙasa, mai murfin sarƙa, saboda zane da hijabi. Wannan kada ki yi sassauci a kai, gefen hijabi in ya shiga sarƙa ko wayoyin baya yana kayar da mutum nan take. A sa mata raga a gefen ƙafar baya, kuma ta riƙa tattara tufafinta kafin ta hau. A daidaita sirdi yadda yatsun ƙafarta za su taɓa ƙasa in ta tsaya. Kada ki zuba kuɗin adashin duka a kan keken, ki rage na kwaɗo mai ƙarfi, ƙararrawa da famfo. Mako na farko wani babba ya bi ta a baya har ta san hanyar da ba ta da cunkoson babura, kuma ta riƙa shiga gida kafin magariba. In damina ta zo Mayo Kaliyawo ya kawo ruwa, ta bi ta gada ko da zagaye ne. In sha Allahu za ki ji daɗin wannan sayayya.

Na ƙarshe daga Kusseri ne, wani mai ɗaukar kaya da ke tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena: "Wayoyin ƙafar baya suna ta karyewa ɗaya bayan ɗaya. Nakan bari sai sun kai uku in kai gyara."

Jiran nan naka shi ke karya sauran. Waya ɗaya in ta tafi, nauyinta kan maƙwabtanta yake komawa, rim ya fara karkacewa. Canza ta a ranar. Tunda sun riga sun gaji, ka sa a sake saƙa wilin gaba ɗaya da wayoyi masu kauri, kuma in ka sami rim da cibiya masu huji 40 irin na tsofaffin kekuna, sun fi masu 36 jure kaya. Bayan an gama ka kaɗa kowace waya da ɗan ƙarfe, sautinsu ya zo kusa da juna, wadda ta yi laushi a ƙara mata. Ka kuma tuna jarka mai lita 20 ta ruwa kilo 20 ce, huɗu sun zama kilo 80 ban da kai. Rataya biyu a gefe-gefe ƙasa da kariya maimakon ka jibga su duka a sama, kuma in ka zo wurin ramuka ka sauka ka tura.