Kafin ka ɗora guduma a tsohon gini, nemi zanensa

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa muka ƙi taɓa bangon ajin nan sai da aka tono tsohon zanensa, alhali ga tef a hannu, ga bango a gabanmu. To, saurara. Tef tsawo da faɗi kawai yake bayarwa. Zurfin fandisho, da yawan rodin da ke cikin ginshiƙi, da inda bututun ruwa ya bi, da bangon da ke ɗauke da dakin, wato rufin kankare, duk a takarda suke kwance.

Gine-ginen kwalejoji da ofisoshin gwamnati na shekarun 1950 da 1960 ba da ka aka yi su ba. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta gaji gine-ginen kwalejin da ta riga ta zama a Samaru. In ka je can, tsaya ka lura da tsofaffin: yawancinsu dogaye ne marasa faɗi, tagogi na kallon kudu da arewa, gabas da yamma kuwa bango ne kusan a rufe saboda rana. Ga baranda mai zurfi, ga bulo mai huji-huji da iska ke ratsawa. Mutanen nan ba su dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba, ginin suka sa ya yi aikin. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an toshe hujin nan da siminti wai an yi gyara, daga baya a dawo ana kukan zafi. Da an buɗe zanen, da an ga dalilin kowane huji.

Neman takardar ma aiki ne. A fara da sashen ayyuka na makarantar, sannan Ma'aikatar Ayyuka ta jiha, domin yawancin ginin gwamnati na lokacin ita ko En'e ce ta tsaya a kansa. In babu, sai ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Tun da aka raba Jihar Arewa gida 6 a 1967 fayiloli suka watsu, gara da ɗigon ruwa kuma sun ci rabonsu.

In takardar ta zo hannunka, ga inda yara ke faɗawa rami. Da ƙafa da inci aka zana ta, kafin ƙasar nan ta koma awon mita a shekarun 1970. Sau da yawa kashi ɗaya cikin 8 na inci ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya, wato 1:96. Ya yi kusa da 1:100 ƙwarai, har ka ɗauka ɗaya ne. Ka ɗora rular mita a kai, bangon da bai wuce mita 9.6 ba zai karanta maka mita 10. Santimita 40 ke nan a banza, ta isa ta ɓata linta. Karanta adadin da aka rubuta, kada ka auna takarda.

Duba rodin kuma. Na wancan zamani yawanci sumul ne, bai kai na yau mai zane-zane a jiki ƙarfi ba, kankaren kuwa galibi 1:2:4, wato awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Duk wanda ya ce mu ɗora masa bene a kai, injiniya zai fara gani da takardar nan. In zanen ya nuna rufi ko silin na asbesto ne, babu mai kai masa zarto, ƙurarsa na lalata huhu.

Amma kada ka riƙe zanen kamar aya. Abin da aka yi niyya ya nuna, magini kuwa yakan canza a fili. Duba kusurwar ƙasa ta dama ka ga kwanan wata da lambar gyara, ka nemi na ƙarshe. Sannan mu ɓare filasta kaɗan a wuri biyu ko uku mu gwada da ido.

Takardar da kake gani shuɗi-shuɗi haske na kashe ta. Shimfiɗa ta a inuwa, ka ɗauki hotonta da waya, ka naɗe, kada ka ninke, kada ka manna mata salatef. Gobe da safe za mu fara da lintar ƙofar gabas. Zo da littafi, duk abin da muka tarar ya saɓa wa zanen ka rubuta shi da kwanan wata, mu bar wa makarantar kwafi.