Amsa: Kwantar da faifan da ke cikin LVM

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bayananka za su lalace in ka kwantar da faifai ukun da ka haɗe da LVM (tsarin Linux na haɗa faifan kwamfuta su zama ma'aji ɗaya), wato ka sa su daina juyawa. Ba za su lalace ba. Linux yakan jira faifai ya farka kafin ya rubuta, sai dai ka ji ɗan jinkiri na wasu daƙiƙoƙi.

Sa umarnin hdparm -S 242, wato faifai ya kwanta bayan awa ɗaya ba a yi amfani da shi ba. Kar ka sa minti biyar, yawan tashi da kwanciya ne ke gajiyar da injin faifai.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne masu tashe su: smartd (manhajar duba lafiyar faifai), da umarnin pvs da lvs masu nuna bayanan LVM. Ƙara -n standby a smartd.conf (fayil ɗin saitin smartd) don kar ya tashi faifan da ke kwance, ka kuma ɗora faifan (mount) da zaɓin noatime, mai hana rubuta lokacin da aka buɗe fayil. In cire faifan za ka yi, sauke shi da umarnin umount tukuna, sannan ka dakatar da rukunin LVM ɗin da vgchange -an.