Kafin ka yi irin ta Dave Chappelle, ji abin da ya same ni

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya bayan isha'i na ga tambayarka. Na rubuta amsa na goge har sau biyu, don ka fama min tsohon miki. Ka ce shekararka biyu kana barkwanci a tashar wani oga, ka sa hannu a takarda tun farko, yanzu rol ɗin ya fita daga ranka, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma an gaya maka in ka tafi sunan da jama'a suka san ka da shi ba zai bi ka ba. Kana tambaya ka tafi ko ka daure. Na ga wajen mutum huɗu sun ce maka ka yi irin ta Dave Chappelle, ɗan barkwancin nan na Amurka, kawai ka kama gabanka. Da na ga haka sai gabana ya faɗi, domin da wannan maganar aka zuga ni, kuma na hau.

Abin da masu ba ka shawarar suka sani shi ne a 2005 mutumin nan yana tsakiyar ɗaukar zango na uku na Chappelle's Show, tashar Comedy Central ta yi masa kwangilar da aka ce ta kai dala miliyan 50, sai ya ajiye komai ya hau jirgi ya tafi Durban a Afirka ta Kudu. Nan suke tsayawa su yi tafi. Ni ma nan na tsaya a lokacin.

Ni rol ɗina na mai in'ina ne. Waɗanda suka daɗe a wannan zauren namu sun san shi, ba sai na kama suna ba. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne daga wurin kawuna na ɗauko shi, ƙanin mahaifiyarmu, tela ne. Yadda yake runtse ido in kalma ta maƙale masa, yadda yake buga cinya da tafin hannu kafin ta fito, duk na kwashe na kai gaban kyamara. Ban nemi izininsa ba, ban ma ga abin a matsayin laifi ba. Muna ta samun masu kallo, ana kirana a hanya, ina jin kaina a sama.

Ranar sunan ɗan yayata aka yi abin da har gobe in na tuna sai abinci ya fita kaina. Ana zaune a ƙofar gida a kan tabarmi bayan an ci an sha, Kawu ya tashi da butarsa zai yi alwalar azahar. Yaran layin suka gan shi. Ɗaya ya kira shi da sunan rol ɗina, sauran suka ɗauka. Suka bi shi suna runtse ido suna buga cinya, daidai yadda nake yi, ko kuskure babu. Manya ma wasu suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Kawu ya tsaya, ya juyo ya dube ni. Ya buɗe baki zai yi magana, kalmar ta ƙi fita. Yana ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, ruwan butar yana zuba a kan takalminsa bai sani ba, yaran kuma dariyarsu ta ƙaru don sun ga abin a zahiri. Daga ƙarshe ya ajiye butar a gefen kwata ya tafi, ko sallama bai yi ba. Ni ina zaune da sabuwar shadda wadda shi ya ɗinka min, kuma bai karɓi ko sisi ba. Da daddare Hajiyarmu ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Da shi kake cin abinci ashe." Ta juya ta ci gaba da ninke kayanta.

Bayan sati guda muna lokeshan, na rage in'inar da gangan. Oga yana zaune bayan kyamara yana danna waya, ya ɗago ya ce, "Kai, ƙara mata gishiri mana, ita ake kallo, ba kai ba." Ya kwaikwayi runtse idon, ya fashe da dariya har yana dafa kafaɗar mai kyamara. Irin wannan dariyar ce Chappelle ya ba da labari a hirarsa da Oprah Winfrey a 2006. Ya ce ana ɗaukar wani sin da ya shafa baƙi a fuska irin yadda Turawan da suke yi don yi wa baƙar fata ba'a, da nufin ya tona asirin wariyar launin fata, sai wani Bature cikin ma'aikata ya yi wata irin dariya da ta sa ya gane shi ake yi wa dariya, ba wasan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mutane ya san bambancin nan. Akwai dariyar jin daɗi, akwai ta ƙeta, kunne yana rarrabewa.

Da na je na sami ogana a ofis na ce ina so mu canza rol ko in tafi, bai ko ɗaga murya ba. Ya jawo durowa ya fito da takardar. Shafi uku ce da Turanci, wadda na sa wa hannu a kan bonet ɗin motarsa shekara uku kafin nan, ranar da ya ba ni sabuwar waya a kwali. Ban karanta ba. Mai ɗakina tana da ciki wata bakwai, mai gida yana min zarya kan kuɗin haya, wa yake ta karatu? Ya sa yatsa a wani layi ya fassara min da Hausa a tsanake, kamar malami yana biya wa almajiri: suna nasa ne, hula da rigar rol ɗin nasa ne, duk abin da aka ɗauka nasa ne har abada. Mutumin nan da ya zo gidanmu gaisuwar mahaifina, ya zauna ya ci tuwo, yana ce wa Hajiya "Mama". Kafin in isa gida ya canza lambar sirrin tashar. Cikin wata guda ya samo wani yaro ya sa masa hulata. Ya tattaro tsofaffin sina-sinan da muka yar don ba su yi kyau ba, ya harhaɗa ya saki a matsayin sabbi, da fuskata a jiki. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da mutane suka fara tambayar ina nake, sai yaransa suka baza cewa ƙwaya nake sha, kaina ya taɓu. Har surukina ya aiko a tambaya. Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. Na bar shi da Allah, amma ƙarya nake in na ce na manta.

Kuma kusan haka aka yi wa Chappelle, shi ya sa nake jin haushin masu ba da labarinsa kamar wasan yara. Yana Durban aka yi ta yaɗa cewa hodar iblis ce ta kama shi, wasu suka ce yana asibitin mahaukata, sai da ya yi hira da mujallar Time daga can yana ƙaryatawa. A Yulin 2006 tashar ta kwashe abin da ya bari bai gama ba ta haɗa ta watsa ba da son ransa ba. Shiri da sunansa a jiki, amma ba shi da iko a kai.

To amma dubi abin da yake da shi wanda ni ban da shi, kai ma ina zargin ba ka da shi. Shi tun yana ɗan shekara 14 yake hawa dandamali a Washington yana riƙe makirfo shi kaɗai. An taɓa yi masa ihu har sai da ya sauka a gidan wasan Apollo da ke Harlem, ya koma ya ci gaba. Ya yi shirin talabijin a ABC a 1996 wanda aka soke bayan 'yan makonni. Wato kafin Comedy Central ya riga ya sha faɗuwa, kuma sana'arsa a bakinsa take, ba a tashar wani ba. Da ya dawo daga Afirka ta Kudu yana da gonarsa a kusa da Yellow Springs a jihar Ohio, garin da mahaifinsa ya koyar a kwalejin Antioch, yana da kuɗin da zai ci shekaru. Ni da na fita, abin da ke aljihuna bai kai buhun shinkafa ba. Wayar ma da aka ba ni, aiko yaro aka yi ya karɓe ta.

Duk da haka sai da ya yi kusan shekara takwas ba a ganinsa sosai, sai dai ya faɗo ƙananan wurare ba sanarwa. Da ya dawo yawon wasa a 2013, a Hartford 'yan kallo suka yi ta masa ihu har ya bar dandamali. Sai a 2016 abubuwa suka miƙe, Netflix ta ɗauke shi a kan kuɗin da aka ce dala miliyan 20 ne duk wasa ɗaya. Kuma ko a lokacin tsohuwar takardar tana nan tana aiki. A Nuwamban 2020 aka sa tsohon shirinsa a Netflix da HBO Max ba a tambaye shi ba, ba a ba shi komai ba. Ya fito a Instagram ya faɗa da bakinsa cewa ya sa hannu ne yana ɗan shekara 28, ba kuɗi, ana jiran haihuwa, kuma a doka suna da gaskiya. Ranar da na ji wannan sai da na ajiye wayar na fita waje, don kamar da ni yake. Ba kotu ya je ba, masoyansa ya roƙa su daina kallon shirin. Netflix ta cire, kuma kada ka ɗauka tausayi ne, shi ne kazar da ke yi musu ƙwai. Sai a Fabrairun 2021 ya sanar cewa an mayar masa da sunansa an biya shi. Ƙirga daga 2005. Mutumin da duniya ta sani ke nan. Kai in ka ce wa masu kallonka su ƙaurace wa tashar oganka, mutum nawa za su bi ka? Ni na gwada. 'Yan'uwana ne kawai da abokai biyu.

Ban ce ka zauna a wulaƙance ba, kada ka fahimce ni a baibai. Ban yi nadamar daina kwaikwayon Kawu ba ko na minti ɗaya. Yadda na fita ne nake nadama, cikin fushi, da rana tsaka, ba shiri. Ka fara ɗaukar hoton takardar nan shafi-shafi, in ma ba ka da kwafi ka nema cikin lalama tun ana dariya da kai. Ka kai wa lauya, ko na unguwarku ne da kuke sallah tare, ya gaya maka shekara nawa ta ɗaure ka kuma me ta ce game da sunan. Wani lokaci barazanar ta fi abin da ke rubuce. Tawa da na kai daga baya, lauyan ya ce akwai inda da an ja da an samu wani abu, amma na riga na zagi mutumin a Facebook, na ba shi abin riƙewa. Don Allah kada ka yi rubutu cikin dare. Ba wa matarka wayar ta ɓoye.

Kuma ka koma karɓar bukukuwa tun yanzu, ko kamu ne ko dina ko walimar sauka, da sunanka na yanka. Na raina wannan aikin lokacin da nake ganin ni tauraro ne, yau shi ke biyan kuɗin makarantar yarana. A nan ne za ka gane ko kai kake ba da dariya ko hular. Ni na sha kunya a bikin farko, minti goma ba wanda ya ko murmusa, wata tsohuwa ta ce a kira mai kiɗan ƙwarya ya fi.

Wani abu kuma, tunda wani cikin masu ba ka amsa ya kawo zancen cewa ai Chappelle Musulmi ne. Gaskiya ne, ya musulunta tun yana matashi, kuma ya taɓa cewa ba ya son yawan maganar addininsa a fili don kada a haɗa kurakuransa da abu mai kyau irin wannan. Wannan maganar ta burge ni. Amma bakinsa a dandamali ba irin wanda za ka kunna a gaban iyayenka ba ne, kada ka ce ni na ce ka kwaikwaye shi a nan. Mu da muke da unguwa da surukai da liman.

Ka yi istihara, ka gaya wa mahaifiyarka gaskiyar abin da ke cikin takardar kafin ta ji a bakin wani. Ban san rol ɗinka daga ina ka samo shi ba, amma in akwai wani mai rai a bayansa, je ka same shi tun kafin yaran layi su riga ka. Ni sai da na yi wata biyar ina zuwa shagon Kawu ina zama a benci yana taka keke bai ce min uffan ba. Ranar da ya yi magana, miƙo min almakashi ya yi ya ce in riƙe masa bakin yadi.

In ka samu hoton takardar turo min ta akwatin sirri, shafin da ke maganar suna da tsawon shekaru nake son gani. Yau ina da kamu bayan la'asar, sai dare zan duba.